Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Iyali, Guzuri da Gasar Besbol ta Yara a Amurka

Da zarar makarantun Amurka sun rufe don dogon hutu a watan Yuni, manyan hanyoyin ƙasar kan cika da wasu irin motoci da ba sa ɓuya. Bayansu danƙare yake da jakunkunan kulake, kujerun naɗewa da akwatin ƙanƙara, a jikin gilashi kuma an rubuta sunan yaro da lambar rigarsa da farin fenti. Uba na tuƙi, uwa na duba taswira a waya, ƙanne na barci a baya, shi kuma gwanin gidan, ɗan shekara 12, yana rungume da safar hannunsa ta fata. Gasar besbol za su. Wasu za su yi awa 4 a hanya, wasu kwana biyu, wasu ma sai sun hau jirgi. A gidaje da yawa wannan ita ce kaɗai tafiyar da iyali za su yi tare a shekarar, domin ita ta cinye kuɗin hutu da ranakun hutun aiki baki ɗaya.

Ga wanda bai san wasan ba: mai jifa yana wurga ƙwallo mai tauri, mai bugu ya tare ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. A Amurka, Japan, Taiwan da tsibiran Karibiyan, matsayinsa a zuciyar yaro kamar na ƙwallon ƙafa ne a wajenmu. 'Ya'yan 'yan'uwanmu da aka haifa a unguwar Bronx ta Niyok, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa, suna tashi ne kusa da filin ƙungiyar Yankees, tare da yaran 'yan Jamhuriyar Dominika waɗanda wasan ya zame musu jini da tsoka. Saboda haka ranar da yaro zai shigo gida da takardar gayyata zuwa gasa a wata jiha tana iya zuwa wa kowane magidanci a can.

Ra'ayina a kan wannan tafiya guda ɗaya ne, kuma a kansa zan gina sauran maganar. Kafin a biya ko dala ɗaya, iyaye su zauna su tambayi kansu: idan aka fitar da ƙungiyar yaronmu tun da wuri, ko ya shafe makon a kan benci, za mu dawo gida muna ganin tafiyar ta yi albarka? Idan amsar e ce, a ɗaura kaya. Idan a'a ce, to an ɗora wa ɗan shekara 12 nauyin biyan bashin da bai ci ba, kuma shirin na bukatar gyara tun daga tushe.

Garuruwa biyu ne suka fi cika mafarkin waɗannan yara, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya ƙunshi labarin gaba ɗaya. Na farko shi ne Williamsport a jihar Pennsylvania. A can ne a 1939 wani ma'aikacin kamfanin katako mai suna Carl Stotz ya kafa Little League saboda 'ya'yan 'yar'uwarsa su samu wasan da ya dace da girmansu. Da ƙungiyoyi uku ya fara, kowacce wani ɗan kasuwar gari ya ɗauki nauyinta da dala 30. Gasar duniya ta fara a 1947, kuma tun 2022 ƙungiyoyi 20 ke haɗuwa a watan Agusta, 10 daga Amurka, 10 daga sauran duniya. Kuɗi ba ya kai ƙungiya Williamsport. Sai ta ci gundumarta, ta ci jiharta, ta ci yankinta. Wadda ta tsallake, hukumar gasar ce ke biyan kuɗin tafiyar yaran da masu horar da su, ta ba su masauki da abinci. Shiga filin kallo kyauta ne, kuma yara kan yi sululu a kan kwali daga saman tudun da ke bayan filin gasar mai suna Lamade, abin da ya zama al'adar wurin.

Na biyu shi ne Cooperstown a jihar Niyok, ƙauyen da mazaunansa ba su kai 2,000 ba, a bakin tafkin Otsego, inda aka buɗe gidan tarihin gwarazan besbol a 1939. A kusa da shi aka buɗe Cooperstown Dreams Park a 1996, daga baya kuma Cooperstown All Star Village a wajen Oneonta. Waɗannan harkar kasuwanci ce. Kowane mako na hutun, ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa na 'yan shekara 12 suna sauka, wasu na tashi. Yaran na kwana a ɗakunan kwana irin na makarantar kwana tare da masu horar da su, suna musayar bajo da yaran wasu jihohi, iyaye kuma kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa a waje. Abin da ake biya wa kowane yaro ya haura dala 1,000, kuma wannan kuɗin yaron ne kaɗai.

Yawancin iyalan da ke kan hanya a watan Yuli nau'i na biyu suke bi, wato ƙungiyoyin da ake biya a shiga, masu yawon gasa daga gari zuwa gari. Garuruwa sun gane cewa akwai arziki a nan. Westfield a jihar Indiana ta buɗe Grand Park a 2014, fili mai faɗin eka 400 da filayen besbol 26, domin ta san kowane yaro ɗaya yana jawo baƙi uku ko huɗu masu kwana a otal, masu cin abinci, masu shan mai. A 2017 mujallar Time ta ruwaito cewa an ƙiyasta harkar wasannin yara a Amurka da kimanin dala biliyan 15. Binciken cibiyar Aspen ya nuna cewa a 2024 matsakaicin iyali ya kashe dala 1,016 a kan babban wasan yaro guda, ƙarin kashi 46 cikin ɗari a kan na 2019. Wannan matsakaici ne, ya haɗa har da masu wasa a filin unguwa. Masu yawon gasa sun ninka shi sau da yawa.

To, a nan ne maganar fafe gora ta shigo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki kuɗin rajista a matsayin kuɗin tafiya. Rajista kan kura ce kawai, jikinta na cikin rami. Ƙauye mai mutum ƙasa da 2,000 ba shi da ɗakunan da za su ɗauki dubban baƙi, don haka gidajen haya a kewayen Cooperstown ana kama su ne watanni da yawa kafin lokaci, wani sa'in shekara guda, kuma farashinsu na hutu ne. Filin jirgin sama mafi kusa, na Albany, ya fi tafiyar awa ɗaya, ke nan wanda ya zo ta sama sai ya yi hayar mota. A wasu gasannin kuma akwai ƙa'idar da ke cewa sai ƙungiya ta sauka a otal ɗin da masu gasar suka zaɓa kafin a bar ta ta yi wasa, ko da iyali na da dangi a garin ko sun samu wuri mai rahusa. Sai a ƙara da abincin mutum biyar na mako guda, kuɗin bajon musaya, sabuwar riga, da albashin ranakun da direban tasi ko ma'aikaciyar jinya ba su fita aiki ba. Wannan na ƙarshe shi ne ba a rubutawa, alhali ga baƙon da ake biyansa da awa yakan fi duka nauyi.

Shawarata ita ce a rubuta komai a takarda ɗaya tun watanni tara kafin ranar, a gaban yaron. Ya ga jimillar da idonsa, ba don a gorata masa ba, sai don ya san darajar abin da ake yi masa, ya kuma sa hannu wajen tara wani abu, ko da wankin motocin maƙwabta ne tare da abokan wasansa, kamar yadda ƙungiyoyi da yawa ke yi. A kama masaukin da za a iya fasawa ba tare da asara ba, domin yaro na iya karyewa mako biyu kafin tafiya. Iyalai biyu ko uku su haɗu su kama gida ɗaya mai madafa, a yi girki a ci, maimakon a riƙa ciyar da gidajen abinci sau uku a rana. Abin da kuwa ba na goyon baya ko kaɗan shi ne cin bashi mai ruwa don zuwa kallon wasan yara. Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan bana ba hali, uba ɗaya ko uwa ɗaya ta raka shi, ko a damƙa shi amana ga iyalin da aka yarda da su.

Me ke sa iyaye masu hankali su kashe abin da ba su da shi? Ba son wasa kaɗai ba ne. Akwai wata murya da ke raɗa musu cewa wannan jari ne: yaron zai samu gurbin karatu kyauta a jami'a, watakila ma ya zama ƙwararre. Ya kamata a dubi wannan fata da idon basira. A cikin yaran da ke buga besbol a sakandare, ƙasa da ɗaya cikin goma ne ke samun buga wa jami'o'in da ke ƙarƙashin hukumar NCAA. Shekaru da dama a baya, ba a ba ƙungiyar jami'a a rukuni mafi girma izinin raba fiye da tallafi 11.7 ga 'yan wasa sama da 30 ba, ke nan akasarinsu gutsure suka riƙa samu. Masu kai wa babbar gasar ƙwararru kuwa ƙalilan ne daga cikin ƙalilan. Sannan duk wanda ya yi renon yara ya san cewa ɗan shekara 12 da ya fi kowa ƙarfi a yau sau da yawa wanda ya riga sa'o'insa girma ne. Nan da shekara uku sauran za su kamo shi. Kuɗin da aka zuba a otal-otal na shekara shida, da an adana shi, da ya biya wani yanki mai kauri na karatun da ake fatan samu kyauta.

Haɗarin wannan tunani bai tsaya a aljihu ba, yana sauka a gwiwar hannun yaro. Jifan besbol aiki ne da ke wahalar da jijiyar gwiwar hannu da kafaɗa, ƙashin yaro kuma bai gama ƙwari ba. Tun 2007 Little League ta kafa dokar ƙirga jifa: ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce 85 a rana, wanda ya kai 66 kuma dole ya huta kwana huɗu. A 2014 hukumar ƙwararru ta MLB da USA Baseball suka fitar da jagora mai suna Pitch Smart da ke ba da shawarar yaro ya huta daga jifan gasa aƙalla wata huɗu a shekara. Wani bincike da aka yi a cibiyar likitancin wasanni ta Birmingham a jihar Alabama, wanda ya bi yara har shekara goma, ya gano cewa masu jifa fiye da zango 100 a shekara sun fi sauran shiga haɗarin mummunan rauni da ninki uku da rabi. Aikin gyaran jijiyar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa ƙwararren ɗan wasa Tommy John a 1974, yau ana yi wa samarin sakandare.

Gasannin kasuwanci ba dukansu ke bin wannan ƙirga ba, kuma a mako guda ƙungiya na iya buga wasa biyu a rana. Ka ga an zo daga nesa, an kashe kuɗi, ana daf da zagayen ƙarshe, yaron da ya fi iya jifa ya ce hannunsa na masa zafi kaɗan. A irin wannan lokaci mai horarwa na son nasara, yaron na tsoron ya ba abokansa kunya, uban kuma na tuna abin da ya kashe. Kowa na da dalilin yin shiru. Don haka tun a gida za a yanke hukunci: iyaye su gaya wa mai horarwa iyakar jifan ɗansu, su riƙa ƙirgawa da kansu daga inda suke zaune, su kuma tsaya a kan bakansu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayar ra'ayinsu: ƙanne da yayye. Yarinya 'yar shekara 8 da ta shafe kwana shida a kan bencin ƙarfe cikin rana, tana jiran wasan da ruwan sama ya jinkirta, tana koyon wani darasi game da matsayinta a gidan, ko da ba wanda ya furta shi. Iyalin da ya san abin da yake yi zai ware wa kowane yaro wani abu nasa a cikin tafiyar. Wurin yi kuwa ba ya wuya. A Cooperstown akwai wanka a tafkin Otsego, akwai gidan tarihin manoma inda yara ke ganin dabbobi da sana'o'in da, akwai kogon Howe a ƙarƙashin ƙasa ba da nisa ba. Jadawalin wasa kan fito a makare kuma ruwa na iya birkita shi, saboda haka a raba aiki: yau uba na fili uwa na yawo da ƙanana, gobe a sauya. A ƙara kwana ɗaya bayan gasar wanda ba a maganar besbol a cikinsa sam. Uwa ma a tuna da ita. Idan hutun nata ya ƙare a wankin riguna da dafa abincin mutum goma sha biyu, to madafa kawai aka sauya mata.

Ga iyalin Musulmi akwai ƙarin shiri. Waɗannan garuruwa na karkara ne, ba lallai a samu naman halal ko masallaci a kusa ba, don haka a taho da guzuri daga birni, a kuma nemi inda za a yi Juma'a tun kafin a tashi. Idan yaron zai kwana a ɗakin 'yan wasa, a yi magana da mai horarwa a fili game da abincinsa da lokacin sallarsa, kada a bar ɗan shekara 12 ya yi wannan bayani shi kaɗai a tsakiyar sa'o'insa. A tambaya su wane ne manyan da za su kwana da yaran, an binciki tarihinsu ko ba a bincika ba, kuma ta yaya yaro zai kira gida idan wani abu ya dame shi. Wannan tambaya haƙƙin kowane uba ne, mai horarwa na kirki kuma ba ya jin haushinta.

Ba zan rufe ido ga alherin da ke cikin abin ba. Yaron da ya kwana mako guda nesa da gida, ya wanke kayansa, ya yi ciniki da yaron Kalifoniya a kan bajo, ya sha kaye ya tashi, ya ƙaru da abin da aji ba ya koyarwa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, awanni a mota kuma kan buɗe bakin yaron da ba ya magana a gida. Abin da ke damuna shi ne wanda aka bari a baya. A 2015 ɗan wasa Andrew McCutchen, wanda ya tashi a gidan marasa hali a Fort Meade ta jihar Florida, ya rubuta cewa ba don taimakon wasu mutane da suka ɗauki nauyin tafiye-tafiyensa ba, da ba wanda zai gan shi. Baƙaƙen fatar Amurka sun kai kusan kashi 18 cikin ɗari na 'yan wasan MLB a farkon shekarun 1990, a 'yan shekarun nan kuwa sun koma wajen kashi 6. Dalilan suna da yawa, amma tsadar wasan yara na cikinsu. Duk lokacin da yaran masu hali suka fice zuwa ƙungiyoyin yawo, gasar unguwa na rasa 'yan wasa da iyayen da ke aikin sa kai, sai ta yi rauni a ƙarƙashin waɗanda ba su da inda za su. Shi kansa Carl Stotz ya raba gari da ƙungiyar da ya kafa a tsakiyar shekarun 1950, yana ƙorafin cewa kasuwanci na neman rinjayar wasan yara. Ƙungiyar da ke shirin tafiya ta sa kuɗin yaro ɗaya ko biyu marasa hali a cikin lissafinta tun farko, a asirce, ba tare da an nuna su da yatsa ba.

Labarin yaran Yuganda ya isa ya daidaita mana ma'auni. A 2011 wata ƙungiya daga Kampala ta cancanci zuwa Williamsport, amma aka hana ta biza saboda saɓani a takardun shekarun haihuwa. A 2012 ƙungiyar Lugazi ta zama ta farko daga Afirka da ta taka filin, a 2015 kuma wata daga Kampala ta doke Jamhuriyar Dominika da ci 4 da 1. Yaran nan sun yi wasa dubban mil daga gida, 'yan kallon da ba su san su ba suka rungume su suna kiran sunan ƙasarsu. Darasi biyu ne a nan. Na farko, takardar haihuwa da fasfo su ne farkon guzuri, domin gasar yara ba ta wasa da batun shekaru tun bayan abin kunyar 2001, lokacin da aka gano cewa gwanin jifan wata ƙungiyar Bronx ɗan shekara 14 ne. Na biyu, abin da ya sa filin ya miƙe musu tsaye shi ne ganin yara na wasa da farin ciki tsantsa, abin da ba a sayar da shi a kowane shago na kayan wasa.

A kowace irin wannan gasa ƙungiya ɗaya ce ke ɗaukar kofi. Duk sauran motocin da suka cika hanya a ranar komawa na waɗanda aka doke ne. Ke nan kusan kowane iyali, komai kyawun shirinsa, zai yi tafiyar dawowa da yaron da ya sha kaye a kujerar baya, watakila ma shi ne ya saki ƙwallon da ta jawo kayen. Wannan awa huɗu ko takwas ita ce ainihin jarrabawar tafiyar. Uban da ya tafi da lissafin jari a ransa zai fara bitar kurakurai kafin a fita daga garin, yaron kuma zai juya fuskarsa ga gilashi ya koyi cewa ƙaunar gida na da sharaɗi. Binciken Aspen na 2019 ya gano cewa matsakaicin yaro a Amurka na barin wasanni yana ɗan shekara 11, mafi yawa saboda daɗin abin ya gushe. Na yi imani cewa a cikin mota ake kashe wani kaso mai yawa na wannan daɗin.

Uban da ya tafi don ya kasance tare da iyalinsa kuwa ba shi da bashin da zai karɓa. Zai tsaya a hanya ya saya wa kowa abin sanyi, ya bar yaron ya yi shiru in shiru yake so, ya saurari ƙanwar tana ba da labarin kogon da ta shiga. In yaron ya buɗe baki, ya ce masa: "Na ji daɗin kallonka, ɗana." Shekara ashirin nan gaba ba wanda zai tuna ci nawa aka tashi a wasan ranar Laraba, amma yaron zai tuna fuskar da ubansa ya nuna masa a madubin mota. Ita ce gorar da ya kamata a fara fafewa, tun kafin a kama ɗaki ko a sayi tikiti.